Ɗayan da Kwamfutar Asibiti Ta Haɗiye

Na daɗe ina gyaran kwamfuta a Potiskum, kuma yawancin ayyukan da suka ratsa ta hannuna sun shige sun ɓace mini. Amma akwai guda ɗaya wanda ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zai bar kaina. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci. Na yi ayyukan da suka fi shi wahala nesa ba kusa ba. Abin da ya sa wannan ya tsaya mini a rai shi ne, a kansa aka ci mutuncin yayata, kuma ni ma da bakina na taya.

Yayata ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce. A lokacin ta shekara goma sha ɗaya a wani asibiti mai zaman kansa a cikin gari. Mace ce marar yawan magana, mai tsantseni har ya yi yawa. Ko gishiri za ta zuba a miya sai ta duba cokalin sau biyu. A ɗakin nata akwai wata tsohuwar na'ura mai ƙidaya ƙwayoyin jini. Ɗan gilashin da ke fuskar na'urar ya mutu tun da daɗewa, don haka duk sakamakon da ta fitar, ta waya yake bi ya shiga wata kwamfuta da ke ƙarƙashin tebur. Abin da kwamfutar ta nuna shi Yaya take bugawa a takarda ta sa hannu.

Wata rana bayan azahar ina shagona kusa da tashar manyan motoci, sai Iya, mahaifiyarmu, ta kira ni a waya ta ce in zo gida yanzu. Ta kashe wayar. Da na shiga, na tarar da Yaya zaune a kan tabarma a gindin darbejiya, farar rigar aikinta a ninke cikin leda a gefenta. Ba kuka take yi ba. Da ma kukan take yi, da ya fi mini sauƙi.

Da ƙyar na tattaro labarin. Wata mai jego ce aka kawo daga Gadaka, kwana goma da haihuwa, jikinta zafi rau. Likitan da ke aiki ranar ya sa a auna jininta. Takardar da Yaya ta sa wa hannu ta nuna fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke ƙaruwa in cuta ta shiga jiki, suna kan takwas da ɗigo biyu, wato lafiya lau. Sai aka ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro aka sallame ta. Bayan kwana huɗu aka dawo da ita ba ta san wanda ke kanta ba, aka wuce da ita babban asibiti, can aka gano cuta ta riga ta bi jininta. Mijinta da 'yan'uwansa suka cika mota suka zo neman bayani. Mai asibitin, wanda shi ma likita ne, bai shigar da su ofis ba. Aikawa ya yi aka kira Yaya, ya tsayar da ita a baranda, a gaban marasa lafiya da masu jinya da masu sayar da ruwa, ya nuna ta da yatsa ya ce ga wadda ta yi gwajin, ta haɗa kwalaben mutane, kuma daga yau ya dakatar da ita. Wan mijin ya matso har yana iya taɓa ta, ya faɗa mata maganganun da ba zan rubuta ba.

Na ji duk wannan cikin fushi. Amma kun san abin da ya fara fita daga bakina?

"Yaya, kin tabbata ba ki haɗa kwalaben ba?"

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Har da kai, Auta?"

Iya ta yi wata magana da Barbarci ƙasa-ƙasa, irin wadda take yi in ranta ya ɓaci da ɗayanmu, ta tashi ta shige ɗaki. Ni mai gyaran kwamfuta ne. Na fi kowa sanin cewa na'ura tana ƙarya. Amma da aka ce ko mutum ko na'ura, sai na fara tuhumar mutum, kuma mutumin ita ce wadda ta goya ni.

Can dai ta ce, ba ma ni take kallo ba, tun da aka saka kyamarori a asibitin wata uku da suka wuce, kwamfutar ta canza hali. Wani lokaci sakamako yakan fito a guntule, rabin layi babu, ko wasu haruffa a cakuɗe. In ta ga haka sai ta sake gwajin. Sau uku tana kai ƙara, sau ɗaya ma a rubuce. Amsar da aka ba ta ita ce ba ta iya kwamfuta ba, ta je ta koya.

Washegari da hantsi na je wajen mai asibitin. Ya san mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, don haka bai kore ni ba. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, "Ranka ya daɗe, alfarma nake nema. A bar ni in duba kwamfutar ɗakin gwaji, wuni ɗaya kawai."

Ya ce, "Injiniya ya riga ya duba. Lafiyarta ƙalau."

Injiniyan nan ƙanin matarsa ne, yana zaune a Abuja, shi ya saka kyamarorin, kuma ya zo garin a makon. Na ce in lafiyarta ƙalau ai ba a yi asarar komai ba, ni ma sai in tabbatar, in koma in ba Yaya haƙuri. Ina jin wannan ce ta sa ya yarda. Ya ɗauka zan zama shaidarsa a cikin gidanmu. Ya ce in zo ranar kasuwa, amma sai Injiniya yana wurin.

Ranar na zo da sassafe da jakata. Injiniya ya iso bayan awa guda, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa, yana kaɗa makullin mota a yatsa. Ya dube ni ya dubi jakar, ya ce, "Kai ne mai gyaran? Wannan fa ba aikin canza gilashin waya ba ne." Na ce masa na gode da tunatarwa.

Na jawo kwamfutar na buɗe murfinta. A ciki akwai tsohon katin da wayar na'urar jini ke shiga, duk ƙura. Kusa da shi kuma ga wani sabon kati fil, da wayoyi huɗu da suka fita ta baya suka bi bango. Na tambaye shi wannan fa? Ya ce na kyamarori ne. Na ce a kwamfutar gwajin jini? Ya ce ita kaɗai ce ke kan sola wuni da kwana, me zai sa a sayi wata alhali ga wannan tana zaman banza. Haka ya ce, zaman banza.

Ba zan yi ƙarya in ce nan take na gano matsalar ba. Na fara da abin da kowa zai fara da shi. Na canza wayar. Na auna wutar da ke shiga. Na duba ko zafi ne ke damun injin. Injiniya yana zaune a kujerar Yaya yana danna waya, lokaci-lokaci ya ce ai in ma akwai wani abu to bairos ne, ma'aikata ne ke soka filas ɗinsu suna kwafar finafinai. Na duba, babu bairos. Rabin wuni ya tafi a haka.

Sai na yi dabarar da ya kamata in fara da ita. Na zare na'urar jini, na haɗa laftof ɗina a madadinta, na sa ya riƙa aika layi guda, irin wanda na'urar ke aikawa, da lamba sha takwas da ɗigo biyu a ciki. Sau dubu. In hanya lafiya take, dubun nan za su iso yadda suka tafi. Na danna, muka jira. Dubu suka tafi, dubu suka iso, ko ɗigo bai ɓace ba. Na sake, haka. Injiniya ya yi dariya ya miƙe ya ce zai je cin abinci, in na gama wasan in rufe musu murfin.

Na zauna ni kaɗai a ɗakin, ina kallon rubutun Yaya a jikin kwalabe, kowane harafi a tsaye kamar an buga da inji. Kuma ga kunyar da zan faɗa: zuciyata ta sake raya mini ko dai ita ce ta yi kuskuren. Karo na biyu ke nan.

Na fita na yi sallar la'asar. Da na dawo, asibitin ya canza. Da safe kusan babu kowa, amma yanzu kasuwa ta fara watsewa, mutanen ƙauye da suka shigo gari sun biyo a duba su kafin su koma. Baranda ta cika, ana shiga ana fita, ana magana da Hausa da Ngizimanci da Fillanci. Na ce bari in sake gwadawa sau ɗaya in tattara kayana. Na danna. Wannan karon, cikin dubun, layi goma sha wani abu suka iso a guntule, daidai yadda Yaya ta kwatanta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa a jikin gilashi. Biyu daga ciki ba su guntule ba. Cikakku ne, masu kyau, babu abin da zai sa mutum ya yi zargi. Abu ɗaya ne kawai babu. Na aika 18.2, abin da ya iso 8.2.

Daga nan na shiga cikin kanel.

Ga wanda ba sana'arsa ba ce, kanel ita ce ainihin zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ita ke raba aiki tsakanin duk abin da aka soka a jikin injin. Kowane kati yana da 'yar manhajarsa da ke magana da kanel a madadinsa, ita muke kira direba, kamar dai direban mota, don ita ke tuƙa katin. In kati yana da saƙo, ba ya jira a zo a tambaye shi. Akwai wani layi da yake taɓawa, kamar ƙararrawar ƙofa, sai kanel ta katse abin da take yi ta saurare shi. Layukan nan ba su da yawa, don haka wani lokaci kati biyu sukan haɗu a layi ɗaya. In ƙararrawar ta yi ƙara, kanel ba ta san wane ne ba, sai ta bi direbobin ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. In direbobin na kirki ne, wanda ba shi ba ne zai ce ba ni ba ne a wuce, wanda shi ne kuma ya karɓi saƙonsa da sauri ya ba da wuri.

Kanel tana ajiye jerin wane kati ke kan wane layi. Na buɗe jerin. Katin jini da katin kyamara suna kan layi ɗaya, kuma direban kyamara ne a gaba. Na buɗe littafin da kanel ke rubuta ƙorafinta, na tarar ta cika shi da magana guda tana maimaitawa, tun daga makon da aka saka kyamarorin: katin jini ya cika ya zube. Tsohon kati ne, haruffa goma sha shida kawai yake iya riƙewa kafin a zo a kwashe. Shi kuwa direban kyamara, an rubuta shi ne kamar shi kaɗai ne a duniya. Duk sanda aka taɓa ƙararrawa sai ya ce nasa ne, kuma in yana cikin ɗaukar hoto sai ya riƙe kanel ya ƙi saki har sai ya gama. Kafin a zo kan katin jini, sababbin haruffa sun iso, babu wurin zama, wani ya faɗi. Kyamarorin kuma an saita su ne su fara ɗauka sai in sun ga motsi. Shi ya sa da safe, da babu kowa, komai ya tafi daidai. Sai asibiti ya cika, lokacin da aka fi yin gwaji, lokacin ne kwamfutar ke haɗiye lambobi.

Wata uku injin nan yana rubuta abin da ke damunsa, Yaya ma tana faɗa da bakinta, babu wanda ya saurari ko ɗayansu.

Na aika aka kira mai asibitin da Injiniya. Ban yi dogon bayani ba. Na tsayar da direban kyamara, na aika layi dubu biyar, duk suka iso lafiya. Na mayar da shi. Na roƙi wasu nas biyu da matar da ke shara su yi ta kai da kawowa a gaban kyamarorin, mai sharar har da kaɗa tsintsiya sama tana dariya don ba ta san me ake yi ba. Layuka suka fara karyewa a gaban idonsu. Na cire, ya gyaru. Na mayar, ya lalace. Sau huɗu na yi haka, da gangan, ina kallon fuskar Injiniya. Ya daina kaɗa makullin.

Saura abu ɗaya. Na'urar jinin tana riƙe sakamakon baya a cikin kanta, wasu ɗaruruwa. Da kyamara a kashe, na sa ta sake turo su duka, na jera su gefe da gefe da abin da aka buga wa mutane. Na nemo ranar da mai jegon nan ta zo, da lambar kwalbarta. Na'urar ta ƙidaya sha takwas da ɗigo biyu. Da likita ya ga wannan lambar, ba zai sallame ta ba. Yaya ba ta haɗa kwalbar kowa ba. Ta ɗebi jini daidai, ta saka daidai, ta buga abin da aka nuna mata.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Na ƙirga wasu mutum tara da aka ba takarda mai lambar da ba tasu ba.

Mai asibitin ya tashi da kansa ya rufe ƙofa. Ya ce, cikin murya mai sanyi, "To, madalla. Ka yi ƙoƙari. A cire katin. Maganar nan kuma ta tsaya a ɗakin nan. Yayarka ta huta zuwa ƙarshen wata ta dawo, za mu ce an yi mata afuwa."

Afuwa. Na ji kalmar nan kamar an watsa mini ruwan zafi. Injiniya ya samu bakin magana, ya ce ai dama laifin tsohuwar na'ura ne, na'urorin zamani suna duba saƙonsu da kansu. A nan kam yana da 'yar gaskiya, manhajar da ke karɓar sakamakon ba ta duba ko layi ya cika, kuma daga baya na gyara wannan. Amma shekara nawa na'urar tana aiki lafiya kafin ya zo ya cusa katinsa bai gwada komai ba? Na faɗa masa haka, da wasu maganganun da suka fi haka zafi. Na ce kyamarar da ya saka don a kama ma'aikata suna sakaci, ita ce ta kusa kashe mace da jariri a hannu. Na ce an kawo ƙara sau uku, aka ce a je a koyi kwamfuta, to yau wa ya kamata ya je ya koya?

Na juya wajen mai asibitin. Na ce, "Ranka ya daɗe, a baranda ka tsayar da ita. A barandar za ka wanke ta. Kuma mutum taran nan, yau za a ba ni adireshinsu."

Ya ce, "Kai, ubanka bai taɓa ɗaga mini murya ba."

Na ce, "Ubana bai ga an nuna 'yarsa da yatsa a gaban jama'a ba."

Na gaya masa na kwafi komai, kuma in bai kira mijin matar nan ya faɗa masa gaskiya ba, ni zan ɗauki laftof ɗina in tafi Gadaka in kunna masa a ƙofar gidansa. Ban taɓa yi wa dattijo magana haka ba, ban kuma sake ba. Amma ko yau aka mayar da ni ɗakin nan, ba zan rage kalma ɗaya ba.

Kafin magariba na isa gida. Na durƙusa a gaban Yaya na ce ta yafe mini tambayar da na yi mata, har da ta biyun da ba ta ji ba. Na zaci za ta yi murna, ko ta yi kuka, ko ta tambayi me mai asibitin ya ce. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Su wane ne taran?"

Washegari aka aiko da jerin sunayen a cikin ambulan, ba wasiƙa, ba gaisuwa. Na ari motar wani abokina, muka kwana uku muna bin mutane, ni da ita. Shida a cikin gari suke, kuma Allah ya taimaka, kuskuren nasu bai kai ga cutarwa ba, wasu ma sun manta sun je asibiti. Wata mata ta tare mu da faɗa, ta ce mun zo tayar mata da hankali a banza. Ɗaya ya bar gari, a waya muka same shi. A Danchuwa muka tarar da wani malamin firamare kwance a zaure, ya rame, yana ta shan maganin da ba na ciwonsa ba, yana cewa ai gwaji ya nuna ba komai, wataƙila sammu ne. Yaya ba ta bar gidan ba sai da aka sa shi a motarmu. Ya warke, har yanzu in ya shigo gari yakan biyo ta shagona.

Na ƙarshe wani dattijo ne manomi a Mamudo. Tun daga bakin layin na ga tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gida, da butoci a jere. Na rage gudu. Yaya ta ce, "Tsaya a nan." An yi sadakar bakwai kwana biyu kafin zuwanmu.

Babban ɗansa ya tarbe mu, mutum mai kimanin shekara hamsin, Hausarsa da karin Ngizimanci. Ya ɗauka gaisuwar mutuwa muka zo, ya yi ta godiya, yana cewa har daga asibiti aka tuna da su. Ni dai na so mu yi addu'a mu tashi. Wallahi na so. Na ma taɓa Yaya da gwiwar hannu. Amma ta gyara mayafinta ta ce, "Malam, ba gaisuwa kaɗai ta kawo mu ba." Ta faɗa masa komai, a hankali, ba ta ɓoye sa hannunta da ke kan takardar ba, ba ta kuma ambaci sunan kowa ba.

Ya sunkuyar da kai. Ya ce kwana ne ya ƙare, Baba dama ya manyanta. Sannan ya ɗago ya ce, "Amma Hajiya, da an ga lambar gaskiya, da ya tashi?"

Yaya ta ce, "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Ya gyaɗa kai. Ya sa aka kawo mana ruwa. A hanyar dawowa na riƙe sitiyari kamar zan karya shi. Wanda ya cusa katin yana Abuja. Wanda ya ƙi sauraron ƙara yana ofis ƙarƙashin fanka. Wadda ba ta yi laifin komai ba ita ce ta zauna a kan tabarmar makoki ta kalli ɗan mamaci a ido.

Mai asibitin ya kira mijin mai jegon, amma a ofis, ƙofa a rufe, ya ce masa matsalar na'ura ce. Barandar da na nema ban samu ba. Matar ta rayu, bayan ta yi makonni a kwance, jaririn kuma a hannun kakarsa ya yi arba'in. Abin da ban zata ba shi ne, wata Juma'a wan mijin, wanda ya zagi Yaya, ya yi sallama a ƙofar gidanmu da zabi biyu a ɗaure. Ya tsuguna a zaure ya ce ya zo neman gafara, bakinsa ya yi abin da ba zai iya mayarwa ba. Manomi daga Gadaka ya hau mota ya zo ya yi abin da likita mai digiri, wanda ke nesa da mu da tafiyar minti goma, bai yi ba har yau. Yaya ta yafe masa. Asibitin kuwa ba ta koma ba, ko rigarta ta biyu da ta bari a rataye ba ta je ɗauka ba. Tana aiki a wani wuri yanzu. Mai asibitin mukan haɗu a ɗaurin aure, ya miƙo hannu, in karɓa, don haka aka koya mini. Iyakarta ke nan.

Abin da na ɗauka daga wannan lamari bai da yawa, amma a kansa nake aiki. In abu ya lalace a wurin aiki, wanda ya fi kowa rashin gata shi ake fara miƙawa, don shi ne ba zai iya rufe ƙofa ya ce magana ta tsaya a nan ba. Shi ya sa yanzu duk inda aka kira ni, kafin in saurari mai wurin, wajen wanda ke zaune a gaban injin kullum nake fara zuwa, in ce ya gaya mini yaushe abin ya soma, me aka canza, kuma ina rubuta abin da ya faɗa kamar yadda zan rubuta na injiniya. Ba na kuma ƙara ko da ƙaramar waya a kan na'urar da lafiyar mutane ta rataya a kanta, sai na gwada ta a lokacin da wuri ya fi cika, ba lokacin da ya fi mini sauƙi ba. Wasu sukan ce ina da jinkiri, wasu ma sun daina kirana. Ba na damuwa. Gara a ce na ɓata wa mutum wuni guda, da in sake zama a ƙofar gidan wani ana tambayar da babu mai amsarta.